Na ce wa Baba ya shanye maganin, shi kuwa ya shanye

Har yau in na ji wani daga cikin ƙannenmu na ƙungiya yana miƙa wa mutum ledar magani yana cewa "ka tabbata ka shanye shi duka", sai gabana ya faɗi. Ni ma haka na faɗa da bakina ga wani dattijo, a wani ƙauye da ke kan hanyar Daura zuwa Zango, kuma wata uku bayan nan maganar ta dawo ta same ni a inda ban zata ba.

Ina aji biyar a lokacin, kuma ni ƙungiyarmu ta ɗaliban likitanci ta ɗora wa shugabancin kwamitin fita duba marasa lafiya kyauta. Duk wanda ya yi karatun nan ya san yadda Makon Lafiya yake: muhawara, ƙwallo tsakanin azuzuwa, ba da gudummawar jini, zagayen makarantun sakandare ana bayanin sikila da amfanin gwajin jini kafin aure. Duk waɗannan sun tafi lafiya lau, ba su ne suka sa na ɗauki alƙalami ba. Fitar ƙauye ita ce ta rufe makon, mun kuma sa ta a Asabar ɗin da ta fi kusa da 14 ga Nuwamba, ranar ciwon suga ta duniya, saboda haka awon jini da awon suga su ne kan gaba.

Ɓarnar tun a zauren taro ta fara. Kuɗin da muka tara, daga karo-karon 'yan ƙungiya da abin da yayyenmu da suka gama suka aiko, ba su taka kara sun karya ba. Ma'ajiyarmu, wata 'yar ajinmu wadda ba ta da yawan magana, ta ce a sayi maganin hawan jini na wata uku-uku, ko da mutane kaɗan za a ba, a kuma ware kuɗin motar komawa bayan wata ɗaya. Ni na tashi na ce a'a. Na ce dole a buga riguna masu tambarin ƙungiya da babban ƙyallen sanarwa, domin in ba a ga hotunanmu a Facebook ba, wa zai ba mu ko sisi baɗi? Na iya baki, aka bi bayana. Riguna da ƙyalle suka cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, maganin hawan jini ya koma na kwana 14, zancen komawa kuwa aka ce sai a duba daga baya. Ita dai ba ta ƙara cewa uffan ba, ta rubuta ta rufe littafinta.

Mun bar Katsina bayan sallar asuba, tafiyar kusan kilomita 80 ce zuwa Daura. Muka fara zuwa gaida dagaci, wanda ya riga ya sa liman ya yi sanarwa ranar Juma'a. Kafin mu gama jera kujeru a makarantar firamare, layi ya kai bakin titi. Likitoci biyu da suka gama suka zo tare da mu, tunda ɗalibi ba ya rubuta magani. Aji ɗaya na maza, ɗaya na mata da yara, ɗaya na raba magani.

Ƙananan kurakurai mun kama su da wuri. Da safe awon suga ya riƙa hawa sama ba ƙaƙƙautawa, har muka fara zargin na'urar. Ashe lokacin rake ne, rabin masu layi suna tsaye suna shan abinsu, zaƙin ya bushe a yatsunsu. Muka ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, kowa ya wanke hannu ya bushe kafin a soka, lamba ta dawo hayyacinta. Wannan mun yi dariyarsa a mota.

Baban da nake magana ya iso wajen azahar, da ƙafa, daga wata unguwa ta bayan gari. Dogo ne, siriri, da farin gemu da hula wadda ta sha wanki. Ciwon gwiwa ne ya kawo shi, bai san da wani hawan jini ba. Ni na auna shi: 196 bisa 112. Na ce ya zauna a inuwa ya huta minti biyar, na sake: 190 bisa 110. Na tambaye shi ciwon kai, jiri, ganin dishi-dishi, ya ce, "Ɗana, ni lafiyata ƙalau, gwiwar nan ce kawai take hana ni ruku'u." Likita ta duba shi, ta rubuta maganin hawan jini mai suna amlodipine, ƙwaya ɗaya kullum, ta kuma rubuta takardar turawa, ta ce lallai ya je asibiti cikin makon nan. Ta yi nata daidai.

Kafin ya kai ajin magani, an riga an mayar da ni can saboda cunkoso. Tun da hantsi masu teburin suke nanata bayanin maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda ake sha sau biyu kullum har kwana uku, sha shida ke nan. Matsalar wannan magani ita ce mutane suna dainawa da zarar jiki ya yi sanyi, don haka ake jaddada cewa a shanye duka ko an ji sauƙi. Na karɓi teburin, na karɓi karatun, harshena ya saba. Da Baba ya miƙo katinsa, na ƙirga ƙwaya 14 a farar leda, na ja layi ɗaya a ƙarƙashin hoton rana, na ce, "Baba, ɗaya kullum da safe. Ka tabbata ka shanye shi duka."

Ya juya ledar a hannunsa ya ce, "To ɗana, in ya ƙare fa?"

Wallahi ya tambaya. Wannan ne yake ci mani tuwo a ƙwarya har yanzu. Da a ce bai tambaya ba, da na sami abin fakewa. Na ɗaga kai na ga layi har waje, na ce, "Ga takarda nan an ba ka, Baba, sai ka kai asibiti." Ya ninke takardar gida huɗu, ya cusa a cikin hularsa, ya kwance wani ƙullin gyaɗa daga aljihu ya ajiye mani a tebur, ya sa mani albarka ya tafi. Da la'asar muka jeru gaban ƙyallenmu cikin sababbin riguna, aka ɗauki hoto.

A watan Fabrairu ina ɗakin maza masu jinya a Katsina, ana shirin zagayen safe, sai wani saurayi ya riƙe mani hannun farar riga. Rigar ƙungiya ce a ciki, ita ya gane kafin ya gane fuskata. Ya ce, "Likita, ai ku ne kuka zo garinmu. Kai ka auna Baba." Na waiwaya na ga dattijon a kwance, bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki. Shanyewar ɓarin jiki. Ya faɗi ne a bakin masallaci bayan ya idar da alwala, aka kai shi Daura, daga can aka turo su.

Yaron ba ya zargina da komai, shi murna ma yake ya ga idon sani. Ya zaro farar ledar nan, wayam, da layin da na ja a jikinta, ya ce, "Bai tsallake ko rana ɗaya ba, likita. Ya shanye tas kamar yadda ka ce. Ya ma ce tun da ya gama ya ji garau." Na tambayi takardar turawa. Tana nan cikin hular, ninkinta huɗu, gumi ya cinye rubutun. Su a zatonsu shaida ce ta cewa likitoci sun duba shi sun sallame shi. Da Turanci aka rubuta ta, da irin rubutun nan namu da mu kanmu muke karantawa da ƙyar. Baba kuwa ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami, boko ne kawai bai yi ba. Da na juya bayan takardar na sa wani ya rubuta layi biyu da ajami, da shi da kansa zai karanta.

Na je na sami babbar likitar da ke koyar da mu, na faɗa mata komai. Ba ta rarrashe ni ba. Ta ce ba wanda zai rantse cewa da ya ci gaba da shan magani ba zai faɗi ba, amma da hatsarin ya ragu ƙwarai. Sai ta tambaye ni mutum nawa muka samu da jini sama da 140 bisa 90 a ranar, da kuma inda suke yanzu. Na farko na san amsarsa. Na biyun na yi tsuru-tsuru. Ta tuna mani abin da na riga na rubuta a jarrabawa na ci: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai an auna a ranaku biyu daban-daban kafin a ce mutum yana da hawan jini, kuma maganinsa riƙe jinin yake yi, ba ya warkar da shi, ana dainawa yake komawa inda ya fito. Na san wannan kamar sunana. A bakin tebur ne ban faɗa ba.

Daren nan na nemo rajistarmu. Suna, shekaru, awo, magani. Babu unguwa, babu sunan uba, babu lambar waya ko ta ɗa ko ta maƙwabci. Masu suna iri ɗaya sun fi a ƙirga, shekarun ma yawanci ƙiyasi ne. Ni na tsara wannan rajista, kuma abin da ya dame ni lokacin tsarawa shi ne in sami adadin da zan karanta a taron rufe mako.

Mu huɗu muka koma a motar haya, da kuɗin aljihunmu, har da ma'ajiya, wadda ko sau ɗaya ba ta ce ai na faɗa maka ba, abin da ya fi zagi ciwo. Muka zube gaban dagaci, na ce, "Allah ya ba ka nasara, mun bar aiki ba mu ƙarasa ba." Ya haɗa mu da masu unguwanni, muka riƙa karanta suna da awo suna cankar ko wane ne. A nan muka ji abin da ya ƙara ba ni kunya. Akwai ƙaramin asibiti a garin gaba, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a ƙafa, da malamin asibiti mai abin awon jini a teburinsa. Da muka je, ya tarbe mu da fara'a, sannan ya ce, "Na ji labarin zuwanku a bakin mutane. Da kun leƙo, da ranar nan zan zauna kusa da ku in rubuta sunayensu." Mun gaida dagaci, mun gaida liman, mun tsallake mutum ɗaya tilo da zai ci gaba da zama da waɗannan mutane bayan bas ɗinmu ta ɗaga.

Mun sami mafi yawansu, uku dai har yau ba mu san inda suke ba. A cikin waɗanda muka samu, ɗaya ce kacal ta ci gaba da sayen maganin, ita ma don 'yarta tana aure a cikin Daura ta kai ta asibiti. Sauran duk sun shanye sun gode Allah. Wannan karon zama muka yi a kan tabarma, ba layi, ba hoto. Sai ga abubuwan da ban tambaya ba a Nuwamba suna fitowa da kansu. Kusan duk mai ciwon gwiwa yana sayen maganin ciwon jiki a kemis, irin su diclofenac da ibuprofen, wasu kullum, kuma waɗannan suna ɗaga jini suna wahalar da ƙoda. Baba ma su yake sha, ɗansa ya tabbatar mani daga baya. Gwiwa ta kawo shi gabana, ban tambaye shi me yake sha mata ba. Zancen gishiri kuwa, in ka ce wa magidanci kada ya wuce giram 5 a rana, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, ɓata bakinka ka yi, don ba shi ke jefa gishiri da dunƙule a tukunya ba. 'Yan matanmu ne suka shiga cikin gida suka yi maganar da masu girkin.

Yanzu in ƙannenmu za su fita, abin da nake naci a kai bai da yawa. Ku fara zuwa wurin malamin asibitin yankin tun kafin ku sa rana, ku bar mashi kwafin rajista. Ku raba teburin maganin zazzaɓi da na hawan jini da suga, kada baki ɗaya ya yi bayanin duka biyun, domin zuwa azahar harshe ba ya bambancewa. Mai teburin hawan jini ya ce, "Wannan ba ya ƙarewa, kafin ledar ta ƙare ka je a ƙaro maka," sannan ya sa mutumin ya maimaita da bakinsa. Kuɗin komawa kuma a cire shi a gefe tun ranar farko, ba a fafe gora ranar tafiya.

Baba ya yi kwana goma sha wani abu aka sallame shi. Yana jan ƙafa da sanda, maganarsa ba ta fita sosai, hannun bai dawo ba. Gona ɗansa ne yake yi. Da na je duba shi da damina ya gane ni, ya kama hannuna da na hagu ya ce "ɗana", ya sa aka kawo mani ƙwan zabi. Na faɗa mashi cewa ni ne ban yi mashi bayani daidai ba. Ya girgiza kai ya nuna sama da yatsa.

A taron shirin bana, wani ɗan aji huɗu ya tashi ya ce dole a buga sababbin riguna, domin in ba a ga hotuna ba, wa zai ba da kuɗi baɗi? Ya fi ni iya baki ma. Na ba da labarin nan daga farko har ƙarshe, aka yi shiru, aka kaɗa ƙuri'a, riguna suka ci da rinjayen mutum biyu. Abin da na samu shi ne an ware kuɗin komawa sau biyu, kuma ƙyallen bara za a sake ɗauka, an liƙa farar takarda a kan shekarar.