Inda na kai a kwas ɗin lissafin diskirit da manɗiƙi

'Yan uwa masu fama da wannan kwas na lissafin diskirit (lissafin abubuwan da ake ƙirgawa ɗai-ɗai), ga inda aka kwana a wajena: mun rufe babin manɗiƙi (ƙa'idojin gane ko magana gaskiya ce ko ƙarya), mun tsunduma cikin kafa hujja, kuma sai yanzu na ga dalilin da ya sa aka fara da wancan.

Jadawalin gaskiya, wanda ake jera duk yadda jimloli za su iya zama gaskiya ko ƙarya a cikinsa, aikin haƙuri ne kawai. Jimla biyu layi 4, uku layi 8, goma kuwa layi 1,024, don duk jimlar da aka ƙara sai ta ninka layukan. Dokokin De Morgan ma, waɗanda ke nuna yadda ake kore jimla mai "da" ko "ko", da zarar ka zana jadawalinsu da hannunka sun zauna. Ga masu tambayar amfanin abin: George Boole ya shimfiɗa aljabaran gaskiya da ƙarya a 1847 da 1854, a 1937 kuma Claude Shannon ya nuna cewa ita ce ke bayyana aikin makunnan lantarki. A kanta kwamfuta take tsaye.

Inda gardama ta kaure a ajinmu shi ne "idan p, to q", inda p da q ke wakiltar kowace jimla. Jadawali ya ce maganar ba ta zama ƙarya sai a hali ɗaya tak: p gaskiya, q ƙarya. Wato idan p ƙarya ce, maganar ta tsira ko me q ta zama. Da yawa sun ƙi yarda. Ni abin da ya warware mini shi ne in ɗauke ta a matsayin alkawari. Wani ya ce maka, idan ka ci jarrabawa zan ba ka littafina. Ka ci ya hana, ya saɓa. Ka faɗi ya hana, bai saɓa ba. Ka faɗi ya ba ka, alheri ya yi, nan ma bai saɓa ba.

Daga nan ne wata dabara ta fito. "Idan p, to q" daidai take da "idan ba q ba, to ba p ba", amma ba daidai take da "idan q, to p" ba. A ce ana so ka nuna cewa idan n² na rabuwa biyu ba saura, n ma haka. Ta gaba hanyar a toshe take. Sai ka biyo ta baya: a ce n ba ta rabuwa, wato n = 2k + 1. To n² = 4k² + 4k + 1, ga sauran 1 nan. Shi ke nan, layi biyu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa lissafin masanin lissafi Euler ne, n² + n + 41. Sa 0 ka sami 41, sa 1 ka sami 43, sa 2 ka sami 47, duk lambobin da babu mai raba su sai 1 da su kansu. Haka zai yi ta tafiya har 39. Wa zai gwada sau 40 bai ce magana ta ƙare ba? Sa 40, sai ga 1,681, wato 41 sau 41. Tun daga nan na daina ganin tsaurin malaminmu idan ya soke amsar da aka cika da misalai.

Maganin wannan shi ne hujjar mataki-mataki, wadda ake kira indokshan. Ka nuna magana ta tabbata a kan 1, sannan ka nuna duk lambar da ta tabbata a kanta, dole ta tabbata a kan mai bi mata. Da ita na kafa cewa jimillar lambobi daga 1 zuwa n ita ce n(n + 1)/2. Shawarata, ku rubuta abin da kuka ɗauka da abin da kuke son kaiwa gare shi a cikakkiyar jimla kafin ku taɓa alama ko ɗaya. Yawancin ruɗanin a nan yake, ba a aljabara ba.

Ƙa'idar ramukan tattabaru, wadda ake jingina wa Dirichlet, kamar wasa take: idan tattabaru sun fi ramuka yawa, dole biyu su haɗa rami ɗaya. Misali, cikin mutum 13 dole biyu su haɗa watan haihuwa, tunda watanni 12 ne. Wahalar ita ce gane wane ne tattabara, wane ne rami.

Gaba kuma babin giraf ne (zanen ɗigo-ɗigo da layukan da ke haɗa su), da matsalar gadoji bakwai na birnin Königsberg da Euler ya warware a 1736. Kafin nan ga wadda nake kai yanzu, ku taya ni: a kowane taro na mutum biyu ko fiye, a nuna cewa akwai biyu da yawan waɗanda suka gaisa da su ya zo ɗaya. Na gano dai ba zai yiwu a sami wanda ya gaisa da kowa tare da wanda bai gaisa da kowa ba. Saura in rubuta ta tsaf.