Yadda kalmar "kawo" ta ɓata min taswira

Har yanzu idan na wuce ta gadar Kawo sai na tuna da taswirar nan. Wata ƙungiyar matasa ce a nan Kaduna ta tara ƙorafe-ƙorafen jama'a kan wuta da ruwa daga WhatsApp da Facebook, ta ce in tsamo sunayen unguwanni daga ciki, a ga inda matsalar ta fi ƙamari. Na ɗauko spaCy, wata manhajar nazarin rubutu da aka gina da harshen kwamfuta na Python, na sauke jerin sunayen wuraren Nijeriya daga GeoNames, rumbun sunayen wuraren duniya da ke intanet, na ƙara ƙananan hukumomi 23 na jihar da unguwannin da na sani, na zuba su cikin EntityRuler, ɓangaren spaCy da ke tsamo sunayen da aka ba shi daga cikin rubutu. Wannan duk kwana biyu ya ci.

Mutanenmu ba sa damuwa da babban baƙi idan suna rubutu a waya. Sai ka ga "rigasa", "mando", "barnawa". Don kada in rasa su, na sa manhajar ta daina bambanta babban baƙi da ƙarami. Layi ɗaya ne tak, kuma shi ya jawo komai.

Taswira ta fito, Kawo ta yi jajawur, ta ninka kowace unguwa. Ban yi shakka ba, na kai wa shugabannin ƙungiyar, har an fara shirin rubuta takardar koke da sunan mutanen Kawo. Wani dattijo mazaunin can ya gyara tabarau ya ce, "Malam, muna da matsala, amma ba mu kai Rigasa ba. Karanto mana saƙonnin mu ji." Na buɗe na farko: "yau kwana uku ba a kawo wuta ba." Na biyu: "don Allah a kawo mana ruwa." Jikina ya yi sanyi. Wane ne zai yi ƙorafin wuta da Hausa bai ce "kawo" ba?

Na koma gida na sa sharaɗi cewa sai in "a", "daga" ko "zuwa" ta gabaci sunan. Bai yi magani ba, domin "a Kawo babu wuta" da "a kawo wuta" farkonsu ɗaya. Sai da na koma duban kalmar da ke biye: in mana ce, ko musu, ko wuta, ko ruwa, to aikatau ne. Daga baya na gwada wani samfurin manhaja mai gane sunaye, wanda aka horar da bayanan MasakhaNER na 2021, wato rubuce-rubucen da aka yi wa sunayen mutane da wuraren cikinsu alama, waɗanda suka ƙunshi harsunan Afirka goma har da Hausa. Ya fi gane jimla nesa ba kusa ba, sai dai da labaran jarida aka koyar da shi, rubutun waya na ba shi wahala.

Akwai wasu tarkunan. Tudun Wada tana Kaduna, tana Zariya, ga ƙaramar hukuma sukutum a Kano. Giwa ma ko gari ko dabba. Unguwar Rimi kuwa, wani ya rubuta Anguwan Rimi, wani U/Rimi. Amma waɗannan na hango su tun farko. Kawo ce ban gani ba, kalmar da nake faɗa kullum a gidana.

Mako biyu na ƙara a aikin ba tare da ƙarin ko sisi ba, na bi duk saƙon da ke da "kawo" ɗaya bayan ɗaya da idona. Yanzu kafin in zana kowace taswira, sai na buga saƙonni hamsin na unguwar da ta zo ta ɗaya na karanta. Takardar koken dai ta tafi da sunan Rigasa.