Jan fentin da aka shafa wa shagona a Arkilla

Tun 2019 nake kunun aya da zoɓo da yogot a cikin gidana, nan Arkilla, kuma ba wanda ya taɓa yi mini sallama ya ce in nuna takarda. Da firiza ɗaya ta hannu na fara. Yara su tsaya a zaure ɗiyata ta miƙa musu, masu shagunan bakin titi su aiko 'yan kabu-kabu su ɗauki dozin-dozin. Haka matan Sakkwato ke sana'a tun zamanin kakanninmu, mai fura da mai ƙuli-ƙuli da mai ɗinkin hula, kowace a tsakar gidanta. Shi ya sa ban taɓa kawowa a raina cewa akwai abin da mutum zai yi a gidansa hukuma ta ce ya tsaya ba.

Ranar da na fasa bango ita ce ranar da na jawo wa kaina abin da har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi.

Ƙarshen 2023 ne. Ciniki ya buɗe, zaure ya yi mana kaɗan, Malam kuma ya gaji da ƙetare kuloli duk sanda zai fita masallaci. Na kwashi adashe, na sayar da 'yan kunnena na zinari, na ce zan fitar da shago ta bangon da ke kallon titi, in gama kafin azumin 2024 da zai faɗo a Maris. Duk mai sayar da abin sanyi a garin nan ya san mene ne azumi a cikin bazara. Abin da za ka samu a kwana talatin ɗin nan ya fi na damina gaba ɗayanta.

Na kira magini. Da bakina na tambaye shi, ba sai an nemi izini ba? Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, wa ka hana miki? Gidanki na, bangonki na. Dibi layin ga, kowa ya hwashe nashi." Bai tsaya nan ba, ya ce ɗakin zai yi ƙunci, gara a turo shi waje ƙafa shida, a zuba kankare a kan lambatu masu saye su samu wurin tsayawa, a kafa rumfar kwano. Na ce to. Wannan "to" ɗin ita ta cinye mini kuɗi. Tambayar da na yi daidai ce, wanda na yi wa ita ne bai dace ba. Mutumin da abincinsa ke cikin ginin, ta yaya zai ce mini in dakata?

Wani abin da ya ƙara rufe mini ido shi ne takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni. A 2022 na yi wa sana'ata rajistar suna, na sa takardar a gilashi na rataye. A tunanina gwamnati ta san da ni, magana ta ƙare. Ashe abin da takardar nan ke cewa kawai shi ne sunan nawa ne, kuma zan iya buɗe asusun banki da shi. Ba ruwanta da ƙasar da na tsaya a kai, balle lambatun gwamnati.

Naira miliyan ɗaya da dubu ɗari uku da hamsin suka shige, tsakanin bulo da simintin da kullum farashinsa ke hawa duk da ga kamfaninsa nan Kalambaina kusa da mu, da ƙofar ƙarfe, da tayil, da wayarin. Saura fenti da allon suna. Wata safiyar Talata a Fabrairu na aiki yaro sayen sukari, ya dawo da gudu yana cewa, "Inna, an yi rubutu ga bango!" Na leƙa. Jan fenti ne, an gicciya shi a jikin sabon filasta, an rubuta a tsayar da aiki, an maƙale takarda a ƙofar ƙarfen cewa mai gida ya zo ofishin tsara gari da takardun fili da zanen da aka amince da shi. Mu da ba mu da ko zanen, balle amincewa.

A daren nan Malam ya buɗe akwatin ƙarfe ya ciro takardar mallakar filin. Shekara goma sha ɗaya tana kwance a cikin leda, ba wanda ya taɓa karanta ta har ƙasa. Ɗiyata ce ta karanta mana tana fassarawa. An ba da filin na shekara 99, don gidan zama kaɗai, kuma ba a yin gini ko canza wanda ke akwai sai da izini. Ga shi nan a rubuce, a cikin ɗakin da nake kwana. Minti biyar na karatu da sun tsare mini 'yan kunnena.

Ɗan yayar Malam, wanda ya karanta tsara birane, shi ya zaunar da mu ya warware mana. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen cikin birni suna hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da ke hannunmu haƙƙin zama ne bisa sharuɗɗa, kuma saɓa sharaɗin takarda yana cikin dalilan da dokar ta yarda a soke ta. Dokar tsara birane ta 1992 kuma ba sabon gini kaɗai take kira gini ba, har canza amfanin wuri, kamar mayar da ɗakin kwana wurin ciniki, yana buƙatar izini. Ya ƙara da cewa tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2003 tsara gari ya zama hurumin jihohi, don haka kada in kafa hujja da abin da ƙawata ta yi a Kano ko Kaduna. Sai ya faɗi maganar da ta fi tsaya mini: "Inna, ba kunun aya suka zo kamawa ba. Da kin ci gaba da yi a tsakar gida, da wuya wani ya kula. Bangon da kika fasa da lambatun da kika rufe, su suka kira su."

Cikin ruɗewa na sake yin wani kuskuren. Wani mutum da ke yawo a bakin ofisoshi ya ce shi ɗan gida ne, in ba shi dubu arba'in a goge fentin a manta. Na ba shi a ɓoye, ban gaya wa Malam ba. Kwana uku wayarsa ta daina shiga. Kada wanda ya ba kowa ko sisi a tsaye a waje. Kuɗin da ba a ba ka takardar banki ko rasit mai hatimi a kansa ba, ka ɗauka ka zubar.

Da muka shiga ofishin da kanmu, ni da Malam, abin bai kai yadda na tsorata ba, amma bai yi daɗi ba. Jami'in ya shimfiɗa taswirar unguwarmu, ya nuna mana inda iyakar filinmu ta tsaya, daidai dutsen da safiyo ya kafa. Ƙafa shidan nan da magini ya ba ni kyauta ba nawa ba ne, na hanya ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai duk layinmu haka aka yi." Ya ce, "Hajiya, na sani. Amma ranar da ruwan Agusta ya toshe a ƙarƙashin kankarenki ya shiga ɗakin maƙwabcinki, ba layi za a kira ba, ke za a kira." Ban sami abin cewa ba, don na ga yadda ruwa ke yi wa mutanen Mabera in damina ta yi ƙarfi. Har yau dai ina jin ciwon cewa ni aka fara shafa wa fenti alhali wasu sun shekara da nasu. Ciwon bai sa maganarsa ta zama ƙarya ba.

Sai daga baya na ji cewa ƙara aka kai. Dattijon da muke katanga ɗaya da shi ne, kuma ba shagon ya dame shi ba, janareta ne. Tun da na ƙara firiza ta biyu nake tayar da shi bayan isha'i in ba wuta, a jikin bangon ɗakin da yake kwana, ga 'yan kabu-kabu da ke tare masa ƙofa da asuba. Wata uku yana haƙuri yana jin nauyin Malam. Ban taɓa shiga na ce, Baba, ko muna takura maka ba. Mai unguwa ne ya haɗa mu a zaurensa, ya ce mini, "Ɗiyata, maƙwabci ya riga hukuma sanin abin da kike yi. Da shi ya kamata ki fara." Na ba Baba haƙuri har da hawaye, ya ce ya yafe, kuma shi ne na farko da ya sa hannu a takardar cewa ba ya ƙin shagon.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris. Mako na farko ina tsaye ina kallo, da ƙishirwa a wuyana, ana sa guduma a rumfar da kankaren da na biya aka zuba. Na biya ginawa, na biya rushewa, na biya kwashe ɓaraguzai. Maginin kuwa ko ƙeyarsa ban sake gani ba. Cinikin azumin nan ta zaure na yi shi kamar da, rabin abin da na ƙiyasta, mutane suna wucewa ta gaban ƙofar ƙarfe a kulle da jan fenti a gefenta suna tambayar ɗiyata ko lafiya.

Sauran hanyar doguwa ce amma miƙaƙƙiya. Mai zane ya zana shagon a cikin iyakar filinmu, muka haɗa da kwafin takardar mallaka da shaidar biyan kuɗin ƙasa, wanda sai da muka biya bashin shekaru da Malam ya manta da shi, muka rubuta neman izini, aka zo aka auna. Wata biyar muna zirga-zirga kafin amincewa ta fito, ta shago ɗaya, ba rumfa a kan hanya. Zanen da izinin da komai bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na yi asara ba. Wannan lissafin ne ke hana ni barci wani lokaci.

Kuma takardar tsara gari ba ita ce ta ƙarshe ba. Arkilla a ƙaramar hukumar Wamakko take, kuma tsarin mulki na 1999 ƙananan hukumomi ya ba kula da shaguna da wuraren sayar da abinci da allunan talla, don haka can na je na yi na shago da na allo. Duba-gari suka zo suka duba inda nake wanke robobi da inda ruwan wankin ke bi. Yogot ɗin da nake liƙa wa suna kuma maganar NAFDAC ce, hukumar kula da ingancin abinci da magani, ita ma na fara bin ta. Ofis huɗu, kowane da abin da ya shafe shi, kuma takardar ɗaya ba ta tsaya wa ɗaya.

Matan layinmu biyu sun zo tambayata tun daga nan, ɗaya za ta sa injin markaɗe, ɗaya shagon ɗinki. Kafin mu yi maganar jari nake cewa su je su ɗauko takardar fili a karanta musu layin da ya faɗi abin da aka ba da filin dominsa. In gidan haya ne, mai gida ya rubuta amincewarsa da hannunsa. Su nemo dutsen iyaka su gani da idonsu. Su shiga gidan maƙwabta na dama da na hagu su faɗi abin da za su yi, da ƙarar da zai yi, da lokacin da zai yi ta. Sannan su je ofis da ƙafarsu su tambaya, kafin su kira magini. Mai injin markaɗen ta ce ai magininta ya ce ba komai. Na kama hannunta na fito da ita waje, na nuna mata tabon da ke gefen lambatu inda aka fasa kankarena.

Janaretan na sayar da shi na haɗa da bashi na sa sola. Shagon ya fi wanda na yi mafarki ƙanƙanta, mutum uku in suka shiga sai ɗaya ya jira a waje. Jan fentin kuwa sau biyu ana shafe shi da fari, amma in rana ta daki bangon da la'asar ina hango shi a ƙasa.