Godiya ga waɗanda suka tsaya mini

Alhamdu lillahi, an sallamo ni daga asibiti. Hannun yana nan, yatsu suna motsi, sai tabon da likita ya ce zai daɗe. Kun san abin da ya faru, asid ne ya zubo mini a hannu a ɗakin gwaje-gwaje, ni kuma na gaji da maimaitawa.

Baba mai kula da ɗakin gwaje-gwajenmu ya ce kada in ambace shi. Baba, ka yi haƙuri, sai na faɗa. Lokacin da asid ɗin ya zubo, kowa ya rikice, wani na neman tsumma, wani na cewa a zuba sinadarin da zai kashe shi. Baba ya damƙi wuyan hannuna ya kai ƙarƙashin famfo, ya buɗe shi gaba ɗaya. Ina fizgewa, yana cewa, "Ɗana, kada ka janye, ka bar ruwa ya yi aikinsa." Sama da minti 20 yana riƙe da ni, rigarsa ta jiƙe sharkaf, agogonsa a cikin ruwa, ko kallonsa bai yi ba.

Asid ɗin salfa ne mai kashi 98 cikin 100, kusan mol 18 a kowace lita (mol ma'auni ne na yawan ƙwayoyin sinadari), alhali wanda muke aikin yau da kullum da shi bai wuce mol 1 ko 2 ba. Sinadari ba ya cin wani sai ƙwayoyinsu sun yi karo, kuma da isasshen ƙarfi. In ya yi kauri, ƙwayoyin sun cunkushe kamar mutane a ƙaramin ɗaki, karo ya yawaita, ci ya yi sauri. Ruwa yana sirka shi, ya rage karon. Amma ruwa kaɗan a kan irin wannan asid zafi yake tayarwa, shi ya sa Baba ya ƙi kofin da aka miƙo, sai famfo mai gudu da zai tafi da asid da zafin tare.

Abin mamaki, aikina na kammala karatu a kan wannan yake. Ina haɗa sodiyom tayosalfet da asid ɗin haidirokulorik, in sa kwalbar a kan takarda mai alamar X, in ƙirga lokacin da gurɓatar salfa za ta rufe alamar. In na ninka kaurin tayosalfet, lokacin ya ragu da kusan rabi. Na haddace masana kimiyya Guldberg da Waage na ƙasar Norway da dokarsu ta 1864, wadda ta danganta saurin cin sinadari da kaurinsa. Da hankalina ya tashi, Baba ne ya yi aiki da ita a kan fatata.

Malamin da ke duba aikina, wanda ya ɗage mini ranar kare shi ba tare da na roƙa ba, Allah ya ɗaukaka. Ma'aikaciyar jinya ta dare mai canja bandeji a hankali, Allah ya raya mata zuri'a. Inna, da ta kwana a kan kujera ba ƙorafi, Allah ya saka miki da Aljanna. Baba, Allah ya tsare ka da iyalinka daga wutar duniya da ta lahira, ya sa ka gama lafiya.

'Yan'uwan da suka ce suna hanya tun ina kwance, Allah ya kawo ku lafiya. Gida yana inda kuka san shi.