Ranar da muka cire ƙuri'a saboda maguna

Ƙarfe huɗu na asuba kukan 'yan magunan nan biyu ya tashe ni. Kwanansu tara a duniya, jiya jiya ɗayar ta buɗe ido. A kwali aka tsinto su, babu uwa, don haka duk bayan awa biyu zuwa uku sai na ɗura musu madararsu ta musamman, in goge musu gindi da auduga mai ɗumi su yi fitsari, don a wannan ƙuruciya ba sa iya yi da kansu sai uwa ta lashe su. Wanda ya tsinto su, da kyakkyawar niyya, madarar shanu ya fara ba su, ita kuwa zawo take sa su. Allah ya sa ya kawo su da wuri.

Da hantsi na bar su hannun ƙanwata, na tafi ɗakin taro. Yau ce ranar cire ƙuri'ar da ƙungiyarmu ta kula da magunan titi ke shiryawa a hutun ƙarshen shekara don tara kuɗi: mutum ya sayi tikiti, in an zaro lambarsa ya ci kyauta. Kyaututtukan duk mutane ne suka kawo: bargon da wata dattijuwa ta saƙa da hannunta, zanen wani muzuru ja, da kwando cike da kayan wasan yara. Ni aka ɗora a kan teburin tikiti, ina rubuta lamba ina yagawa har yatsuna suka yi tsami.

Mafi yawan masu zuwa tambaya ɗaya suke yi: abinci za a saya wa magunan da kuɗin? Ina ce musu za a saya, amma kaso mafi tsoka na likitan dabbobi ne. Mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, cikin kuma kwana 63 zuwa 65 ne kawai, a shekara sai ta haihu sau biyu ko uku. In ka ciyar da su ba ka tsayar da haihuwar ba, ka ƙara yawan waɗanda za su mutu a kwalbati ne. Shi ya sa muke kama su da keji, a yi wa muzuru fiɗiya, a yi wa mace aikin hana haihuwa, a yi musu allurar ciwon haukan kare, a ɗan datse bakin kunne ɗaya don kada a sake kama wadda aka riga aka yi wa, sannan a mayar da su inda suka saba. Wannan aikin ba ya kyau a hoto, shi ya sa samun kuɗinsa ke wuya, kuma shi ne ya fi komai muhimmanci a wurina.

Bayan azahar wani dattijo ya tsaya a gabana ya daɗe yana kallon kwalin tikitin. Ya ce, "'Yata, mutane na kwana da yunwa, ku kuna tara wa kyanwa?" Ban ji haushi ba, don ni ma na taɓa yi wa kaina wannan tambayar. Na ce, "Baba, gaskiyarka. Amma ita ba ta da bakin roƙo, kuma allurar da ake mata yaran da ke wasa da ita take karewa." Bai ce komai ba. Can ya ciro kuɗi ya ajiye, ya ce shi ba ya son tikiti, sadaka ce. Na sa a akwatin da muka ware wa masu irin ra'ayinsa, kuma suna da yawa.

Wata ƙaramar yarinya aka ɗaga ta sa hannu a bokiti ta zaro lambobin. Wadda ta ci bargon ta rungume shi, ta yi shiru, sai ta miƙo mini ta ce a shimfiɗa wa marayun da take ji ina ba da labari. Hawaye suka zo mini a gaban jama'a.

Da muka ƙirga, ma'ajiyarmu ta ce kuɗin zai isa aikin duk maguna matan da ke jerin jira, saura muzurai uku sai wani watan.

Yanzu sha ɗaya ta wuce. Suna kwance a kan bargon, na sa musu kwalbar ruwan ɗumi a gefe, na saita ƙararrawa ƙarfe ɗaya. Ta biyun ma idonta na hagu ya fara tsagewa.