Mako na Tara: Waina ce ko Masa?

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Kwana biyu kun ji ni shiru, na tsaya ne ina warware abin da na ɗauka na gama ɗinkewa tuntuni, wato kanun girke-girken da ke shafin da nake gina wa Yayata. Ga wanda bai biyo mu tun farko ba, ita ce mai girkin, ni ne mai rubutawa da ɗaukar hoto da waya.

Tun mako na uku na haɗa shafin da Google Search Console, wato manhajar Google da ke nuna wa mai shafi yadda shafinsa ke fitowa a sakamakon nema, amma sai yanzu bayanai suka taru har za a iya karanta wani abu a ciki. Kyauta ne, kuma yana ajiye bayanan wata 16. Akwai sashen da ke jero ainihin kalmomin da mutane suka rubuta kafin shafinka ya bayyana a gabansu, da sau nawa ya bayyana, da sau nawa aka latsa. Ba duka yake nunawa ba, yakan ɓoye waɗanda ba a cika nema ba don kare sirrin masu nema, kuma bayanan kan yi jinkirin kamar kwana biyu. Duk da haka abin da na gani ya ishe ni.

Kanun da na sa wa girkin wainarmu shi ne "Sirrin Lallausan Karin Kumallo". Na so kanun nan ƙwarai, har yanzu ma yana yi mini daɗi a kunne. Sai dai babu ko mutum ɗaya a jerin da ya rubuta "sirri" ko "lallausa". Abin da suke rubutawa shi ne "yadda ake waina", "yanda ake wainar shinkafa", "yadda ake hada kullun waina". Wata ma matsalarta ta zuba gaba ɗaya: "me yasa waina ta bata tashi". Na daɗe ina kallon wannan layin. Mace ce, ina jin, tsaye gaban tanda, ƙullu ya ƙi kumbura, ga yara na jira. Amsar tana cikin shafinmu, a sakin layi na biyar, inda Yaya ta yi bayanin yis da ajiye ƙullu a wuri mai ɗumi ya kwana. Amma babu abin da zai nuna mata hakan daga waje.

Sai na mayar da kanun "Yadda Ake Wainar Shinkafa (Masa) Mai Laushi", na kuma ciro bayanin yis ɗin na ba shi ƙaramin kanu nasa: "Me ya sa waina ba ta tashi?" Na bar babban kanun bai wuce haruffa 60 ba, don idan ya yi tsawo Google kan datse shi a sakamakon nema.

Kalmar "masa" kuwa sai da muka yi 'yar muhawara a kanta. Yaya ta ce, "Kai auta, mu a gidan nan waina muka sani." Gaskiyarta, a Kano waina ake cewa. Amma je ka Bauchi ko Jos ka ce waina, za a gane, sai dai masa ce a bakin mutane, kuma da ita za su nema. Abinci ɗaya, suna biyu, dole kowanne ya samu wuri. Haka na yi wa zoɓo da zoɓorodo, da awara wadda wasu ke kira ƙwai da ƙwai.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne haruffa masu ƙugiya. Kusan duk masu neman ba sa sa su: "kosai", "dan wake", "hada". Ban ga laifinsu ba, madannin wayar da yawancinmu ke amfani da shi na Turanci ne. Na yi tunanin cire ƙugiyoyin daga shafin gaba ɗaya, daga baya na fasa. Ƙullu da kullu ba ɗaya ba ne, kuma ba na so a ce shafinmu ya taimaka wajen lalata rubutun Hausa. Matsakaiciyar da na ɗauka ita ce, cikin rubutu na bi ƙa'ida, adireshin kowane girki kuma na bar shi babu ƙugiya, kamar yadda-ake-kosai. "Yanda" ma ban sa ta a kanu ba, na bar ta sau ɗaya inda na kawo maganar Yaya yadda ta fito daga bakinta.

Gargaɗi ɗaya. Wani ya ba ni shawarar in jera kalmomin nema a wani ɓoyayyen gurbi na bayan shafi. Kada ku ɓata lokaci, tun 2009 Google ya bayyana cewa ba ya duba wannan gurbin wajen jera sakamako. Maimaita "waina, masa, waina" a kowane layi kuma ya saɓa wa ƙa'idojinsu, ga shi yana gundurar mai karatu.

Girki shida na gyara zuwa yanzu, sauran na bar su yadda suke da gangan, don in sami abin gwadawa bayan wata ɗaya. A mako mai zuwa zan shiga Google Trends, shafin da ke nuna yadda ake yawan neman kalma a Google, in kwatanta "waina" da "masa" jiha-jiha. Ku lura, lambobinsa daga 0 zuwa 100 ne, ma'aunin kwatanci ne ba adadin mutane ba. Daga nan sai kunun gyaɗa da ƙosai, ina so su zauna daram kafin azumi ya kama. Wanda yake Maraɗi ko Damagaram a cikinku, don Allah ya gaya mini da wane suna ake neman waina a can.