Na Ƙalubalanci Tarar da Aka Ci Ni a Wuse

A watan jiya na kai Baba sayayya a Wuse, na ajiye mota a gurbin da aka keɓe wa masu buƙata ta musamman, domin tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, keken guragu ne ƙafarsa. Ƙanena ya tura shi ciki, ni kuma na tsaya rufe mota, sai wani jami'i ya miƙo mini takardar tara, a cewarsa ya ganni da ƙafafuna lafiya lau.

Ban yi sa-in-sa da shi ba. Na rubuta takardar ƙorafi, na haɗa da rahoton likita da hoton keken, na kuma kafa hujja da dokar hana wariya ga masu nakasa wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, domin ta fayyace cewa babu laifi a kan direba matuƙar yana ɗauke da mai nakasa a motarsa.

Alhamdulillahi, an soke tarar. Abin da ya fi damuna shi ne, da yawa daga cikin masu jinyar iyayensu za su biya kawai saboda ba su san da wannan tanadi ba, alhali wajibi ne a koyar da jami'ai dokar kafin a ba su ikon cin tara.